Man Saratu da Ramin Kumfa

Ku matso kusa, ku da kuke cewa wanki ai ba sana'a ba ce, ruwa ne da sabulu. Ba tatsuniya zan yi maku ba, ita da dare ake yi, wannan kuwa labarin tsakar rana ne. Ni Hure ban yi boko ba, faɗi nake ana rubutawa. Abin da na sani a bakin ruwa na san shi, bakin tafkin da ke gangaren ƙauyenmu, tsakanin Ketare da Pauwa. An ce a birni maza ke wankau. Nan wajenmu mata ne, zawarawa da tsofaffi da duk wadda bakunan gidanta suka fi ƙarfin rumbu.

Rigar farko da na taɓa wankewa ta wani mahauci ce. Gwaggo Tabawa, yayar babana, wadda ta koya mani aiki, ita ta jefo mani ita ta ce, "Ungo, ɗiyata, wanke in gani." Na tsoma ta cikin ruwan zafi don in burge. Jinin ya dahu cikin zare, ya yi zaman dirshan. Gwaggo ba ta taɓa ni ba. Ɗaga rigar ta yi ta nuna ma sauran mata, ta ce, "Ku zo ku gani, Hure ta yi mamu farfesu, saura gishiri." Aka yi ta dariya har masu ɗibar ruwa suka tsaya. Daga ranar na san jini ruwan sanyi yake so, maiƙo ruwan zafi da toka, jan goro sai lemun tsami, tawadar malamai kuwa ba ta da gardama, ruwa kaɗai ke sallamarta.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai falali, shimfiɗaɗɗen dutse a bakin ruwa, wanda hannuwan iyaye da kakanni suka goge har ya yi santsi kamar bayan ƙwarya. Akwai daro da ƙwarya, da bula da ake ƙullewa a tsumma a kaɗa cikin ruwan ɗauraya, da ƙullun rogo na sa ma riga ƙarfi, da mabugi na icen kirya da ake bugun babbar riga da shi bisa gungume har ta yi ƙyalli. Dutsen guga na gawayi daga baya ya zo. Sabulu kuwa mu muke yin abinmu. Bayan girbi mu ƙona karan dawa, mu tace tokar a tukunya mai huji, mu dafa ruwan da man gyaɗa ko na kaɗe har ya kama jikinsa, mu mulmula. Sabulun salo ke nan. Baƙi ne, ba ya ƙamshi, yana cin hannu, amma in ya gama aikinsa sai ya mutu, ba ya bin ruwa da mugunta.

Kayan direbobin Sheme ranar kasuwa ake kawo mamu su a ƙulle, wando ya sha baƙin mai har yana iya tsayuwa da kansa. Irin wannan ba a kai shi bakin ruwa sai an murje shi da yashi da toka a tudu. Fataken hatsi na Sabuwa rigunansu ƙaiƙayi ne da zufa, sai an kakkaɓe a bayan iska, in ba haka ba a kwana susa. Kayan maijego ba a haɗa su da na kowa. Daga wuyan riga ina gane sana'ar mutum, har in gane ko ana kula da shi a gida, amma mai wankau ba ta faɗi. Bakin da ya faɗi abin da ya gani a zanen mutane, hannunsa ba ya sake taɓa zane.

Doka ɗaya ce Gwaggo ba ta wasa da ita. Ruwan wanki ba ya komawa tafki kai tsaye. A gefen falali akwai rami mai faɗi, bai kai gwiwa zurfi ba, muna ce mashi ramin kumfa. Nan ake juye duk ruwan da aka yi saɓi da shi, a bar shi ya sha rana. Kumfa ta kwanta, dauɗa ta nutse, wari ya bi iska, ruwa ya yi garau. Sa'annan babbar cikinmu ta sa diddige ta fasa 'yar madatsar laka, ya gangara tafki a hankali. "Rana ce uwar masu wankau," in ji Gwaggo. "Mu mu wanke tufa, ita ta wanke ruwa." Haka muka gada, haka kuma abin yake, don kwaɗi har ƙwai suke zubawa a bakin magudanar.

Kai, tafki! In kin tsaya ɗauraya ruwa iya gwiwa, 'yan kifi su taru suna tsakurar ƙafarki kamar masu gaisuwa. Bado ya buɗe fari tas, belbelu su jeru a gefe, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya yana kallonmu kamar shi ya ba mu aikin. Ki wurga zane ya baje bisa ruwa, ki jawo shi ya zo maki yana lanƙwasa, a wurgi ɗaya sabulu ya fita. Wata ta ɗauko waƙa daga wannan bakin, masu ban ruwan lambu su amsa daga wancan.

Saratu ta zo mamu bayan rasuwar Gwaggo, lokacin ni ce babba a falali. Ɗiyar gidan Maguzawa ce na wajen Pauwa, waɗanda suka koma zuwa coci. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Zabiya ce. Ku da Allah ya rufe da baƙar fata ba ku san mece ce rana ba. Kafin hantsi Saratu ta yi ja kamar gauta, leɓe ya tsattsage, wuya ya yi ƙuraje, ga malfa bisa kallabi amma hasken ruwa na dukanta ta ƙasa. Idonta ba ya gani nesa, sai ta kai tufa kusa da hanci. Amma yatsunta na jin dauɗar da ido bai gani ba. Farar shadda in ta fi ƙarfinmu ita ake miƙa ma.

In ta iso da safe sai in ce, "Baturiya, an zo duba aikin talakawa?"

Ta ce, "An zo, Yaya Hure, kuma aikin bai yi ba. A sake."

Wata rana ta je asibiti a Kankara ta dawo da wani farin mai cikin roba mai matsewa. Man kare rana, aka ce. Ta shafa a fuska da wuya da hannuwa, ta zo fari fat kamar ta faɗa buhun fulawa, muka yi mata dariya, ita ma ta yi. Amma ƙurajen suka bushe. Matar da hantsi ke kora gida ta koma kaiwa azahar tana bugun zane.

To, kun san ido. 'Yan mata suka ga mai ne da ke hana rana ƙona fata. Masu koli suka kawo irinsa kasuwa, wani na gaske, wani Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Masu tsinkar barkono da tumatir a lambu suka kama, amare suka kama, har samari masu acaɓa. Ga garin ya cika da bayin Allah da rashin zaman lafiya ya taso daga ƙauyukan daji. Wanki ya ninka, muka ce arziki ya zo.

Wani hijabi ruwan toka na wata malamar makaranta shi ya fara nuna mani man nan ba irin wanda na sani ba ne. Zagayen fuskar ya yi fari ya yi danƙo. Na zuba ruwa, ruwan ya dunƙule ya gangare kamar bisa ganyen gwaza. Na goga sabulun salo, ya zame. Saratu ta shafa da yatsa ta ce, "Yaya, irin nawa ne. An yi shi ne don kada zufa ta wanke shi, to ina ga ruwan tafki?" Dole muka koma ga garin sabulun kanti da ruwan zafi. Da su yake fita. Hijabai, mayafai, kallabai, wuyan riguna, zannuwan gado, kullum daro bayan daro, duk ya tafi ramin kumfa. Da safe ka ga wani siririn maiƙo bisa ruwan kamar na miyar da ta kwana. In rana ta dake shi sai ya ɓace. Ba wari, ba kumfa, ruwa garau har kana ganin ƙasan ramin. Mu ce uwa ta gama wankinta, a fasa madatsa.

Shekarar da ruwan sama ya ɗauke da wuri, ita ce muguwar shekara. Kafin bazara tafki ya janye ya bar laka tana tsagewa, abin da ya rage bai fi filin masussuka ba. Abin da na fara lura da shi, na tsaya ɗauraya ba abin da ya tsakuri ƙafata. Daga nan talibambam, 'ya'yan kwaɗi, suka riƙa tasowa ciki sama a bakin magudanarmu. Gansakuka ta koɗe. Belbelu suka koma can ƙetare.

Ranar su ta zo, wato kamun kifi na gayya, ranar da Sarkin Ruwa ke buɗe tafki kowa ya shiga da komarsa da gorarsa. Sarkin Ruwanmu Baba Nomau ne, tsoho mai kaifin ido, ba ya ƙarya kuma ba ya lallashi. Aka shiga aka fito. An kama tsofaffin tarwaɗa, amma ƙanana babu, 'ya'yan karfasa da ake cika ƙwarya da su a mayar ruwa don baɗi ko na rantsuwa. Baba Nomau ya daɗe yana duban koma, ya ce, "Garin da ba yara kufai ne, ko da tsofaffi na zaune."

Aka fara magana ƙasa-ƙasa. Masu mugun baki suka ce jikin zabiya ne ruwa ya ƙi. Wannan ko amsa ba ta cancanta ba, shekarunta nawa tana shiga ruwan nan kifi na haihuwa? Amma maganar mai ta zauna, don ita kaɗai ake gani da shi fari a jiki.

Da hantsi Baba Nomau ya iske mu a falali. Muka gaisa, ya ƙi zama.

Ya ce, "Hure, tun kakanni ba a shiga ruwan ga da mai a jiki. Wagga baiwar Allah kullum da shi take shiga. Ko ta bar man, ko ta bar falali."

Na ce, "Baba, rabin matan garin ga na shafa shi."

Ya ce, "Rabin matan garin ga ba su wuni tsaye cikin ruwana."

Saratu ta durƙusa ta ce, "Na ji, Baba. Na bar man." Yaranta da wankin nan suke ci, ba ta da gona, ba ta da wani. Washegari ta zo fuska ba komai, ta ja malfa har ido.

Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Daga kallabinta na gane, don ya shigo cikin darona. Inda yake kwanciya a bayan wuya ya yi tauri da jini da ruwan gyambo. Na wanke shi da ruwan sanyi, na shanya, na ce, "Saratu, juyo in ga wuyanki." Ta ce ba komai, zafi ne na bazara. Na janye mayafin da kaina. Fata ta buɗe kamar faɗin bakin ludayi, gefen ya yi tudu.

Na ce, "Gobe Kankara."

Ta ce, "Wankin Alhaji mai hatsi fa?"

Na ce, "Alhaji ya maimaita rigar jiya."

Malamar asibitin da ta duba ta yarinya ce, ba ta fi jikata ba, amma ta yi faɗa kamar uwa. "Wa ya ce ki bar shafawa? Irin wannan gyambon in ya zauna a fatar zabiya, ciwon daji yake zama." Da ta gama wanke shi ta rufe, sai na kwashe labarin tafki na faɗa mata, har da ramin kumfa, na ce ta gaya mani gaskiya ko man Saratu ne.

Ta ce, "Iya, man nan iri-iri ne. Wani zama yake bisa fata kamar farar ƙasa, ya mayar da rana baya. Wani kuma shanye zafinta yake, yana sha yana farfashewa, shi ya sa ake cewa a riƙa ƙarawa. In ya shiga ruwa ma haka rana ke farfasa shi. Amma farfashewa ba ɓacewa ba ce. Wani abin da yake komawa ba shi da lahani, wani kuwa ƙananan halittun ruwa ba su jure mashi, su gansakuka da ƙwan kifi da 'ya'yansu. A babban kogi ruwa na tafiya da shi. A tafkin da ya janye, taruwa yake."

Na ce, "Malama, ruwan fa garau yake fita."

Ta ce, "Gishiri ma in ya narke, ruwa garau yake, Iya. Ba zan rantse maki cewa man ne kaɗai ba. Akwai garin sabulu, akwai maganin feshi na lambu, akwai zafin bana. Sai an auna ruwan za a sani, mu kuma nan ba mu da abin aunawa. Amma na wuyan mace ɗaya bai kama ƙafar abin da ke fita daga wankin gari guda ba."

Ashe dokar Gwaggo ta sabulun salo ce. An kawo abin da aka yi don ya yi kokawa da rana, mu kuma muka miƙa ma rana shi muka ce ta wanke.

Na tara mata a falali na faɗa masu yadda muka yi. Kande, wadda ta fi mu ƙarfin hannu da na baki, ta ce, "To sai me? Mu bi gida-gida mu hana amare shafa mai? Ko mu ce ma masu kaya su tafi da hijabansu? Sarkin Ruwa ya yanke, a bar shi a yadda ya yanke, kowa na da bakin ciyarwa."

Na ce, "In Saratu ta tafi yau, gobe me za ki juye a ramin nan?"



Saratu ta ce, "Yaya, kada ku ɓata sana'arku saboda ni. Zan nemi surfe."

Kande ta ce, "Surfen a ɗaki ake yi, ko rana ta ce maki ba ta zuwa tsakar gida? Zauna, don Allah, kina hana mutane tunani."

Muka daɗe muna jujjuya maganar. Hanya ɗaya ta rage, kowa ta gan ta, ba mai son ta fara faɗi. Ni ce babba, na faɗa.

Muka iske Baba Nomau yana ɗinkin koma a ƙofar gida. Na ce, "Baba, mun kawo maka tafkinka."

Ya ce, "Ni mace ɗaya na ce."

Na ce, "Man da kake nema ba a jikinta yake ba, a darona yake. In mai ne ba ya shiga ruwa, to mu duka ne ba mu shiga. Ita kuma za ta shafa abinta."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Falalin kakanninku?"

Na ce, "Ba ya ɗaukuwa, Baba. Mun bar maka shi, ka shanya taru."

Muka koma tudun bayan masussuka, nesa da tafki, nesa da rijiya. Aka haƙa mamu rami mai zurfi, aka zuba yashi da gawayi, ba shi da magudana, ba a fasa shi har abada. Muka kafa rumfar zana. Ruwa a jarka ake turo shi cikin kura, kuma ruwan jarka ba a wurga zane a cikinsa, sai dai a tsoma a matse, a tsoma a matse, har kafaɗa ta mutu. Wankin da muke gamawa kafin azahar ya koma kai mu la'asar. Direbobin Sheme suka gaji da jira suka kai kayansu wani wuri. Kande ta jure damina ɗaya ta koma tuyar awara, kuma ban ga laifinta ba. Waƙa ma a tudu ba ta tafiya, a bakinki take faɗuwa. Ku da kuka taso kuka iske mu ƙarƙashin rumfa, kuna tsammani haka wanki yake tun asali. Ba ku taɓa ganin zane ya buɗe bisa ruwa ba.

Tafkin kuwa ba zan yi maku ƙarya ba. Da ruwa ya sauka sosai ya cika, kifi ya fara dawowa, ba kamar da ba. Ko barinmu ne, ko damina ce mai kyau, Allah shi ya sani. Har gobe ana wanke babura a bakinsa, ana feshi a lambu, wannan ya fi ƙarfin mai wankau. Gyambon Saratu ya warke ya bar tabo. A inuwa take aiki, ta shafa manta da safe ta ƙara da rana, ba mai ce mata komai.

Baba Nomau bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba irinsu ba ne, kuma a kan ruwa bai yi ba. Kayan gidansa dai sun daina zuwa mamu tun ranar. Sai ana gab da wata babbar salla, rana tsaka, muka hango shi yana hawo tudu da sanda, da ƙunshi a hammata, shi da kansa, bai aiko kowa ba. Na tashi na goge hannu na miƙa in karɓa. Ya wuce ni. Ya tsaya gaban Saratu ya miƙa mata farar babbar rigarsa ta idi.

Ya ce, "A wanke. Kada a cika bula."

Saratu ba ta karɓa ba. Ta ɗaga hannuwanta ta nuna mashi, ta ce, "Baba, hannun nan da mai fa."

Ya ce, "Na gani, ba makaho ba ne ni." Ya ɗora mata rigar bisa hannu, ya nuna bayan wuyanta da kan sanda. "Nan bai samu mai ba. Ƙara, ɗiyata, rana ta yi."